Cokali Biyu a Cikin Jiƙo

Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina sayar da maganin gargajiya a Fegge, cikin Anacha. Rumfata tana bakin titi, kusa da masu ɗinkin buhu. Karatuna na boko bai wuce aji huɗu ba, shi ma a ƙauyenmu na yi shi kafin in biyo motar shanu zuwa kudu. A Fatakwal na fara zama, wajen wani dattijo mai magani da yake zagaya mahautan unguwar Trans-Amadi, a hannunsa na koyi sana'ar. Da ya rasu na kwashe buhunansa na koma Anacha, na yi aure, aka haifa mana 'ya mace.

Ita ce 'yar fari, don haka ba na faɗin sunanta, innarta ma ba ta faɗa. Ni dai nakan ce "ke", ta juyo. Innarta kuwa kunyarta ta fi tawa nisa. Ba ta haɗa ido da yarinyar, ba ta yi mata magana kai tsaye muddin akwai wanda za ta bi ta kansa. Ko gishiri take so, sai ta ce, Malam, a ce wa waccan ta miƙo gishiri, alhali yarinyar tana tsaye a gabanta. Maƙwabtanmu Ibo sun yi dariya har sun gaji sun saba. Mu a wajenmu tarbiyya ce, ba mu taɓa tunanin wata rana za ta tsaya tsakanin uwa da magani ba.

Yarinyar ta tashi a cikin ɓawon itace da saiwa. Tun ba ta kai shiga makaranta ba take ware min madaci daga marke da hancinta kawai. Ta yi karatu har jami'a, ta karanci harhaɗa magunguna, ta yi aiki a wani asibiti a Fatakwal, daga baya ta ƙaro karatu ta koma Inugu. A can rabin ranarta tana koyar da ɗalibai, rabi tana sashen masu ciwon daji, inda ake haɗa maganin da suke kira kemo. Tana kuma bincike, tana rubuta takardun da ban iya karantawa. In abokan kasuwa suka tambaye ni, nakan ce ai gado ta yi, ni da ita sana'armu ɗaya, ita dai tata tana da farar riga.

Akwai jiƙo guda da na yi suna da shi, na ciwon jiki. Itatuwa bakwai ne da ɗan jar kanwa. Maigidana da ya koya min sana'ar ya ce haɗin ba a faɗa, in aka faɗa ya karye, kuma duk mai wannan sana'a ya san da wannan doka. Sau biyu 'yar tawa tana roƙona in ba ta haɗin ta auna shi a ɗakin bincikensu, ta ce wataƙila akwai abin kirki a ciki da za a amfana. Sau biyun ina fakewa da dokar maigidana.

Ba dokar ce ta hana ni ba. Mai tura baro ba ya jiran itace ya yi masa aiki cikin kwana uku, so yake ya sha yanzu ya ji sauƙi kafin ya kai kasuwa. Na ga masu saye suna wuce ni, sai na fara sayen farasitamol na gwangwani a kasuwar magani ta bakin gada. In daka shi a turmi a bayan rumfa, in zuba cokali biyu a kowace kwalba. Ɗacin madaci yana rufe nasa. Mutane suka riƙa cewa hannuna yana da albarka. Shekara ashirin ina haka, ko matata ba ta sani ba. Ban ɗauke shi cuta ba, ai maganin ciwon kai ne, ko yara ana ba su.

Da kumburi ya fito wa matata a nonon hagu, ni kaɗai ta nuna wa. Na taɓa, na ji shi da tauri kamar ƙwallon goruba, na gane daji ne. Ni da bakina na faɗa wa mutane da yawa cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, in likita ya taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Haka na ji, haka na faɗa, haka kuma na yarda. Ta tambaye ni ko za a sanar da waccan ta Inugu. Na ce a bari tukuna, kada a ɗaga mata hankali, ni zan kashe shi. Na haɗa na shafawa, na sa ta a kan jiƙon safe da yamma. Ciwon yana lafawa, tana yi min godiya. Wata takwas muka yi a haka.

Da babbar Sallah yarinyar ta zo gida. Ta ga innarta tana sauke tukunya da hannu ɗaya. Ta ga tsummokaran da aka jiƙa a bokiti a bayan ɗaki, ta san irin ruwan da yake jikinsu, don kullum tana ganinsa a wajen aiki. Ba ta iya tambayar uwarta ba, uwar ma ba za ta amsa ba. Ni ta samu a zaure, ta durƙusa kamar za ta gaishe ni, ta tambayi tun yaushe. Na ce bai daɗe ba. Ta ce in ba ta izini ta tafi da ita gobe. Muryarta ce ta sa na kasa cewa a'a. Washegari muka hau mota a tashar Upper Iweka mu uku, aka yi awa guda ba a fita daga cunkoso ba.

A Inugu aka yanki tsoka aka auna, aka ce sai an fara kemo kafin a yi maganar aikin tiyata. Sau shida za a yi, duk bayan sati uku, kuma kafin kowanne sai an ɗebi jini an ga ko jiki zai ɗauka. A nan na fara ganin aikin 'yata da idona, ta tagar gilashi. Ɗaki ne mai sanyi, mutum ba ya shiga sai ya rufe kai da baki ya sa safar hannu biyu, kuma a cikin wani akwati ake haɗa maganin. Ta faɗa min da tsawon mutum da nauyinsa ake lissafa shi, in ya ɗara kaɗan zai yi kisa, in ya gaza kaɗan ba zai yi aiki ba. Na innarta ba ta yarda ta haɗa da hannunta ba, abokiyar aikinta ce ta haɗa, ita ta duba lissafin sau biyu. Ruwan ja ne kamar zoɓo. Na tuna cokalina da nake ɗiba da ido, na kau da kai.

Kafin a ɗaura na farko ta zo da fayil ta zauna a gefen gado. Wannan tambayar aikinta ce, kowane maras lafiya sai ta yi masa. Ta dubi takarda, ba ta dubi uwar ba.

"Inna, ban da wanda muke ba ki, akwai abin da kike sha?"

Uwar ta juya fuska bango ta ce, "Malam zai faɗa."

Na ce an daina komai tun ranar da muka baro gida. A ranar gaskiya na faɗa. Ta yi min bayani a hankali cewa hanta ce take tace kemon nan, kuma aiki ne mai nauyi, duk abin da aka ƙara mata zai iya kayar da ita. Na ce na ji.

Kwana tara na riƙe alkawarin. Mun dawo Fegge, amai ya ƙi tsayawa, bakinta ya yi gyambo, ƙirjin yana zafi. Ina zaune ina jin nishinta, ga kwalabe a rumfa da na san cikin rabin awa za su kwantar da shi. Ƙwayoyin da asibiti suka ba ta ban ga suna yi da sauri ba. Na ɗauko kwalba ɗaya. Ta sha, ta yi barci har la'asar. Daga nan ban sake tsayawa ba. Da zafin ya ƙaru sai na mai da cokalin nata uku. In za mu Inugu, a filas ɗin shayi nake zuba shi.

Kemo na biyu ya wuce, an yi tambayar, uwar ta juya bango, na amsa. Ana saura kwana huɗu na uku na ga idonta ya yi rawaya. Aka ɗebi jini, aka ce hanta ta taɓu sosai, ba za a ɗaura ba. Aka ba ta gado.

'Yar tawa ta fitar da ni ƙarƙashin wani mangwaro a harabar asibitin ta zayyana min. Abu uku ne likitoci suke zargi: ko dajin ya kai hanta, ko kemon ne ya yi mata ƙarfi, ko kuma akwai wani abu da take sha. In na ukun ne, shi ya fi sauƙi, a tsayar da shi hanta ta farfaɗo a ci gaba. Amma sai an san mene ne. Kuma kowane sati da aka yi ba a ɗaura ba, dajin yana samun fili. Ta ce in akwai wani abu, ko zuma ce, in faɗa mata.

Na ce babu. Har da ɗan faɗa na haɗa, na ce ko ta mai da ni maƙaryaci ne don ta sa farar riga. Ta ba ni haƙuri. A lokacin filas ɗin yana cikin jakata, jingine da ƙafata.

Na sha tambayar kaina abin da ya riƙe bakina. Na ce wa kaina itace ba ya kashe hanta, farasitamol kuma abin banza ne, tabbas jan ruwan nan nasu ne, ai na faɗa daji ba ya son allura. Wannan shi ne na sama. Na ƙasa kuwa, na san in na ce jiƙo za ta ce me ke ciki, in na faɗa za ta san da me aka biya mata makaranta. Yarinyar da take ware min madaci da hanci, wadda nake cewa ta gaje ni. Na gwammace in jira ko idon zai washe da kansa.

Bai washe ba. Aka yi hoton ciki, ba a ga komai a hanta ba. Aka sake ɗibar jini, ya ƙara lalacewa. Sati biyu muna asibiti, ni kuma duk azahar, lokacin da nas-nas suke canjin aiki, sai in tsiyaya mata a murfin filas, don in ta sha takan samu sa'a biyu ba ta nishi. Kumburin ya fashe ta gefe. Ta fara rikicewa, tana kiran ƙanwarta da ta rasu tuntuni. 'Yar tawa tana fita aji ta dawo da alli a hannun riga, ta tsaya a ƙarshen gado tana karanta sakamakon jini, ta sake karantawa, kamar lambobin za su canza. Ta rame, idonta ya faɗa. Na ji tana waya da wani malaminta na da, tana tambaya da Turanci.

Wata safiya hankalin uwar ya dawo. Yarinyar tana goge mata hannu da tawul, ta sake yin tambayar, wannan karon ba fayil, kamar mai roƙo. Uwar ba ta juya bango ba. Ni ta duba.

"Malam, a faɗa wa waccan. Na gaji."

Ita jiƙo kawai ta sani, kuma duk tsawon lokacin nan ta yi shiru ne don kada ta ƙaryata mijinta a gaban 'yarta. Na ciro filas ɗin na ajiye a kan gado. Yarinyar ta buɗe ta sansana, ta rufe idonta. Ta ce tana buƙatar sanin komai da ke ciki, yau, don aunawa a ɗakin bincike zai ɗauki kwanaki.

Ko a nan ban gama ba. Na ce sai na je na ɗauko itatuwan ta gani da ido. Na hau mota zuwa Anacha, na hau acaɓa daga Upper Iweka zuwa rumfa, na cika buhu na dawo. Awa shida na ƙara mata a banza, don kawai in samu lokacin da zan shirya ƙarya. Gwangwanin farasitamol ɗin na sa shi a aljihu, ban san dalili ba, wataƙila don in jefar a hanya.

A ɗakin bincikensu na makaranta na same ta, ta sallami ɗalibai. Na baza su a kan tebur, ina faɗa tana rubutawa: madaci, tafashiya, sanya, hano, marke, ƙirya, gwandar daji, sai jar kanwa. Dokar maigidana ta karye a nan, ban ji komai ba. Na ce shi ke nan. Ta daɗe tana kallon takardar.

"Baba, na san itatuwan nan tun ina ƙarama. Babu wanda yake kwantar da ciwo cikin rabin awa. Wanne ne yake yi?"

Ta zagayo teburin ta durƙusa a gabana da farar rigarta a kan siminti.

"Ba zan faɗa wa kowa ba sai likitanta. Don Allah, Baba. Innata ce."

Ban taɓa jin ta ce "innata" ba sai ranar. Na sa hannu a aljihu na ajiye gwangwanin kusa da madaci. Ta tambayi nawa, na ce cokali uku a kwalba, kwalba kuma kwana biyu take yi. Ta tambayi wane cokali, na nuna da yatsa. Ta yi lissafi a gefen takardar, sannan ta faɗa min abin da ban sani ba: ƙwayar ciwon da asibiti suke ba ta, ita ma da farasitamol a ciki. Biyu muke ɗura mata, su da awo, ni da ido. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki gwangwanin ta fita da gudu, takalminta ɗaya ya cire a bakin ƙofa ba ta tsaya ba. Ni na ɗauka na bi ta da shi a hannu har sashen.

A ranar aka ɗaura wa innarta wani ruwa na kare hanta, aka canza maganin ciwon. Sannu a hankali idon ya washe. Sati biyar cif daga ranar da ya kamata a ɗaura na uku kafin jini ya yi kyau, kuma da aka ɗaura sai da aka rage ƙarfinsa. Ina kallo ta taga 'yar tawa tana duba lissafin, sau uku wannan karon. Aka yi na huɗu. Kafin na biyar innarta ta fara tari, aka yi hoto, aka ce ya shiga huhu. Maganar aiki ta wuce.

Ta yi wata huɗu bayan haka, a gidan 'yarta a Inugu. Yarinyar ce take yi mata wanka, ita take auna mata maganin ciwo da sirinji a baki, a kan lokaci, ba ta bari zafin ya taso. Ban taɓa sanin ana iya riƙe ciwo haka ba tare da an kashe wani wuri a jiki ba. Uwar har ta koma ga Allah ba ta ambaci sunanta ba, amma a kwanakin ƙarshe takan riƙe mata hannu, ta daina juya fuska. Da hantsi ta cika, ranar Alhamis. Ba a taɓa faɗa mata abin da ke cikin jiƙon ba, ta tafi tana zaton itace ne kawai, tana ce min kada in damu, ai da kyakkyawar niyya na yi.

Bayan sadakar bakwai, da mutane suka watse, na kira yarinyar zaure. Na tambaye ta abin da yake hana ni cin abinci: da na faɗa tun a gindin mangwaron nan, da tana nan? Ina so ta ce min kwana ne ya ƙare, kamar yadda kowa yake faɗa. Ta ce:

"Wata takwas ɗin farko sun fi yin ɓarna, Baba, wannan na sani. Sati biyar ɗin kuwa ban sani ba. Na duba duk abin da zan iya dubawa, ban sani ba. Ba zan ce maka e ba, ba zan ce maka a'a ba."

Na roƙe ta ta zaɓi ɗaya, ko wanne ne zan ɗauka. Ta ce aikinta ke nan, ba ta faɗin abin da ba ta auna ba. Sannan ta tambaye ni ko zan ci tuwo ko a dama min kunu.

Na rufe rumfar. Na bi waɗanda nake iya tunawa cikin masu sayen jiƙona na faɗa musu, wasu suka yi dariya suka ce in ci gaba da haɗawa, ai yana aiki. Waɗanda na ce wa daji ba ya son allura kuwa, yawancinsu matafiya ne, ban san inda zan same su ba. Mace ɗaya na gano gidanta a Fegge, na tarar an yi shekara da binne ta. Yanzu 'yar tawa tana binciken abin da ake zubawa a jiƙon kasuwa, ni nake saya mata kwalabe in kai. Tsofaffin abokan sana'a sun gane, wasu sun daina amsa sallamata.

Watannin baya na kai mata kwalabe na tarar tana aji, sai na zauna a benci a bakin ƙofa. Ta riga ta nemi izinina ta ba da labarin ba suna, na ba ta, amma ban taɓa ji ba. Turancin nata ya fi ƙarfina, sai dai tana sirkawa da na kasuwa don ɗaliban su yi dariya, a nan na tsinci wasu. Tana ce musu in mace ta juya bango ta ce mijinta zai amsa, a fitar da mijin waje. In 'yarta ce take tambaya, a nemo wata ta tambaya. Kada a tsaya a "kina shan wani abu", a ce ta nuna filas. Na ji tana cewa wani miji, wani miji. Wani ɗalibi ya tambayi abin da ya faru da matar, ta ce ta rasu. Ya ce saboda jiƙon? Na miƙe tsaye na matsa jikin ƙofar, ko a cikin shekara biyun nan da rasuwar innarta ta samo wata amsa.

Ta ce ba ta sani ba.

Da aka tashi ta fito ta gan ni, ta durƙusa ta gaishe ni a gaban ɗalibanta, ta karɓi ledar kwalaben. Guda shida ne, ta ɗaga kowacce a rana tana duba abin da ya kwanta a gindi.